Wutar Máirtín

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

An tafi da Mamó, kakata, asibitin Galway. Baba ya ce ƙirjinta ne kawai. Ya faɗa yana neman makullin mota, alhali yana hannunsa.

Kafin a ɗauke ta sai da ta kama hannun rigata. "Siún, wutar." Na ce to. Ta ce, "Ba to nake so ba, nuna mini." Masu motar asibiti suna tsaye suna jira, sai da na durƙusa gaban murhu na nuna mata: a tara garwashi a tsakiya, a jingina curin móin, wato busasshiyar ƙasar fadama da muke ƙonawa, a rufe da toka, ba da yawa ba kada ta shaƙe. Ta ce, "Ubanki hannun jaki gare shi, kada ki bari ya taɓa."

Shekarata goma sha uku. Ban taɓa kwana gidan nan babu ita ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, da safe

Wutar tana nan. Na tona tokar, sai na ga ja.

Zan rubuta labarin yadda Mamó take faɗarsa, don kada in manta. Kakanta, Máirtín Folan, ya bar gidan nan a 1907, bayan an gama shuka dankali, zai tafi Boston. Ranar tafiyar shi ya tona wutar ya hura ta, ya ce wa matarsa Bairbre, "Riƙe mini ita har in dawo." Haka ake yi a da, wanda zai haye teku yakan bar wutarsa a hannun wani. Ya bar ta da jariri, wato baban Mamó. Ba wasiƙa, ba labari. Bairbre ta riƙe wutar har ta tsufa, ta ba Mamó. Tun ranar ba a ƙara ƙyasta ashana a murhun nan ba.

Mutanen garinmu, Ros Caol, suna cewa wata mata ya samu can. Igiyar kwale-kwale ta taɓa cire masa rabin ƙaramin yatsan hagu, to in ran Bairbre ya ɓaci sai ta ce, "Da yatsu tara da rabi ma ai ana riƙe alƙalami." Mamó takan yi dariya in ta zo nan. Sai kuma ta daina, ta ce ba za a bar wutar ba sai an san inda mai ita yake.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan makaranta

Cóilí Joyce, tsohon nan maƙwabcinmu, ya turo baron móin kamar kullum. Shi yake yanko ta a fadama ya busar ya kawo mana. Ubansa ma ya kawo wa gidan nan, kakansa ma. Ba sa karɓar komai.

Ya ce, "Mai surutu, ina tsohuwar take? Har yanzu tana can tana wahalar da likitoci?"

Mai surutu yake ce mini don ba na magana. Na gyaɗa kai.

"Ki ce mata in ba ta dawo ba zan auri wata."

Ya juye móin a jikin bango. Ya daɗe yana kallon hayaƙin da ke fita ta saman rufi, sannan ya tafi bai sha shayi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Wata nas ta zo duba gida. Ta auna ƙofar ɗakin Mamó. Na ji daɗi, na ce wa Baba, "Ta warke ke nan?" Ya kalli taga.

Nas ta tsaya gaban murhu ta girgiza kai. Ta ce Mamó za ta iya dawowa, amma da injin numfashi da tukwanen iska, kuma iskar nan ba ta haɗa gida da buɗaɗɗiyar wuta. Gidanmu ƙarami ne, gadon Mamó yana jikin bangon murhu. Sai an kashe wutar gaba ɗaya.

A bakin ƙofa ta rage murya ta ce wa Baba, "Kada ku ɓata lokaci." Na yi kamar ina wanke kofi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da yamma

Mun je asibiti bayan coci. Mamó ta ƙanƙance. An sa mata roba a hanci. Ban san inda zan sa idona ba, sai na kalli silifas ɗinta.

Baba ya faɗa mata maganar nas.

Ta ce, "Ka kashe ta, ni kuma in zauna nan."

"Mama, don Allah. Mutumin nan ya fi shekara ɗari da tafiya."

"Na ce maka jiya ya tafi?"

"Hayaƙin nan ne ya cinye miki ƙirji."

"Páraic, kai ne ka cinye mini ƙirji tun kana zanen goyo. Amana aka ba ni. Ka nemo mini inda yake, ka zuba wa murhun teku ma in ka so."

Baba ya fita wai zai sayo ruwa. Ta jawo ni kusa. Bakinta yana warin magani. Ta ce, "'Yar nan, an ce yanzu komai yana cikin kwamfuta, har jiragen ruwa na da. Nemo mini Máirtín. Ina so in kwanta a gadona."

Na ce to. Wannan karon ba ta ce in nuna mata ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Na je ƙofar laburare. Akwai mutane ciki. Na wuce kamar zan je kanti, na dawo, na sake wucewa. Sai bas ya zo.

Wutar tana nan.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Na shiga. Na rubuta abin da nake so a tafin hannuna don kada in manta, amma gumi ya goge. Malama Hession, mai kula da laburaren, ta jira ni har na haɗa maganar. Ba ta yi dariya ba.

Ta nuna mini hotunan takardun fasinjoji a kwamfuta. Kowane jirgin da ya isa Boston yana da tasa. Rubutun hannu ne, siriri, a kwance, layi bayan layi: suna, shekaru, garin da mutum ya baro, wanda zai je wurinsa, tsayinsa, launin gashinsa, har tabon jikinsa. Daga tashar Cobh mutanenmu suke hawa, a lokacin Queenstown ake ce masa.

Mun sami masu suna Folan da yawa. Wani ya yi tsufa, wani yaro ne, wani daga tsibiri yake. Babu namu.

Akwai wata yarinya sa'ata a wani shafi, ita kaɗai, ba kowa nata a jirgin. Na kasa daina kallon layinta.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da safe

Wutar tana nan. Ba a same shi ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da yamma

Mun duba New York. Mun duba shekarar gaba da ta baya. Idona yana zafi. Malama Hession ta ba ni biskit na sa a aljihu, na kasa ci a gabanta.

In Máirtín ba ya cikin kowane jirgi fa? In bai ma hau ba, Ingila ya tafi da wata? To me zan ce wa Mamó?

Baba ya daina aske gemu. Yana soya ƙwai ya manta da su a kasko.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Ba zan je coci ba.

Na tona toka ban ga ja ba. Na ƙara tonawa, fari fat. Sai waya ta yi ƙara a ɗakin Baba. Na san asibiti ne. Na kifa fuskata cikin murhu ina hurawa, toka ta cika mini baki, ina cewa a'a, a'a, a'a. Can ƙasa, a ƙarƙashin wani ɓaren móin, akwai ɗan ja kamar kan allura. Na hura har ɗakin ya riƙa juyawa. Ta kama.

Baba ya fito ya same ni haka. Ya ce Mamó ta sha wahala da asuba amma yanzu ta lafa. Na ce, "Na sani." Ya dube ni, ya dubi murhu.

Ya ce, "Siún, wuta ce kawai. Kin ji? Ba ita ke riƙe da kakarki ba." Ya goge mini fuska da hannun rigarsa da ƙarfi har ya yi zafi. "Ranar Juma'a zan zuba mata bokitin ruwa in je in ɗauko uwata. Ta yi fushi da ni a gadonta."

In ya yi haka ba za ta shiga motar ba. Na san ta. Shi ma ya san ta.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan makaranta

Malama Hession ta ce mu bar neman suna, mu nemi gari. Ta ce mutanen wancan zamani ba sa tafiya su kaɗai, inda ka ga ɗan garinku ɗaya sai ka duba sama da ƙasa da shi. Yanzu shafi-shafi nake bi, ina neman Ros Caol kawai.

Wutar tana nan. Na tashi sau da yawa na duba.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Na sami Ros Caol.

Jirgi mai suna Hespera, watan Afrilu, 1907. Mutum ɗaya ne daga garinmu, kuma ba Folan ba ne. Bartley Joyce, zai je wurin wansa a Boston, wan ne ya biya masa tikiti. An ja layi a kan sunan tun daga farkon shafi har ƙarshe. A gefe an rubuta da wani alƙalami daban cewa ya rasu a teku, zazzaɓi, an sa shi a ruwa.

Malama Hession ta ce, "Allah sarki. Ba naku ba ne dai."

Na san sunan nan. Kullum bas ɗinmu yana wucewa ta gefen maƙabarta, dutsen kabarin mai sunan yana jikin katanga. Bartley Joyce kakan Cóilí ne. Mamó ta san shi, ta ce makaho ne mai son waƙa.

Na bi layin da yatsa har ƙarshen shafi, wurin da ake rubuta tabo. Rubutun ya dushe. Na ƙara girman hoton.

Babu rabin ƙaramin yatsan hagu.

Na roƙi ta buga mini shafin. Muryata ta fito da ƙarfi har wani mutum ya waiwayo.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da safe

Na sauka daga bas na duba dutsen. Bartley Joyce, 1961. Ya tsufa a nan, a kan tudu.

Takardar tana cikin littafin lissafina. Ban nuna wa Baba ba.

In na kai wa Mamó, za ta ce a kashe wutar. In an kashe wutar, za ta dawo gida. Na san abin da za ta dawo yi. Ba zan rubuta shi ba. Muddin ban same shi ba, dole ta jira. Ba ta taɓa barin aiki a tsakiya ba.

Laraba, da yamma

Ban ci abinci ba. Na zauna gaban murhu ina ƙara móin har ɗakin ya yi zafi. Baba ya ce, "Gasa mu za ki yi?"

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Cóilí ya zo da baro. Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe da kansa.

Na ce, "Kakanka yatsunsa nawa?"

Ya ajiye baron. "Kai! Yau mai surutu ta yi magana, kuma abin da ta zaɓa ke nan. Goma, mana. Na sha mari da su."

Na miƙa masa takardar. Ba shi da tabarau, sai na karanta masa. Da na zo wurin yatsa sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya zauna a hannun baron, baron ya kusa kifewa.

Sannan ya ce wan Bartley ya taɓa aiko masa da tikiti, kowa a gidansu ya san wannan. Amma Bartley yana da ciwon ido tun yana saurayi, kuma likitocin can suna juye fatar idon mutum su duba, in sun ga ciwo su mayar da shi. A lokacin in an aiko tikiti mai shi ya kasa tafiya, ba a barinsa ya lalace. Wani ne yake hawa da sunan, ya haddace amsoshin, a yi shiru, don hukuma ba ta yarda ba.

"Abokai ne, shi da Máirtín. Kwale-kwale ɗaya suke fita."

Na ce, "To da Máirtín ya rasu da sunan Bartley, wa aka gaya wa?"

"Wanda ya zo tarar jirgi. Wan Bartley." Ya cire hularsa ya riƙe. "Shi kuma ya rubuto gida yana kukan ƙaninsa. Ƙanin kuma yana zaune a bakin murhu ana karanta masa."

"Bartley ya sani ke nan."

"Ya sani."

"Me ya sa bai gaya wa Bairbre ba?"

"Ina zan sani, 'yar nan? Tsoro. Kunya. Ko ya zo har ƙofar nan ya ga ta rufe wutar da toka ya kasa." Ya kalli tarin móin. "Ina yaro ni nake yi masa jagora. Ba ya gani, amma bai yarda kowa ya tura baron gidan nan ba sai shi. Na tambayi ubana dalili, ya ce gidan Folan ba a tambaya, yankowa ake yi."

Ya share hanci da hular. Ya ce, "Kin kai wa kakarki?"

Na girgiza kai.

"Tun yaushe take hannunki?"

"Shekaranjiya."

Ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kakana ma da kwana biyu ya fara."

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da yamma

Baba ya cika bokiti da safe ya ajiye a bakin murhu. Na tsaya tsakaninsu na ba shi takardar. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Ɗauko rigar sanyinki."

Cóilí ya biyo mu cikin kwat ɗinsa na coci.

Mamó ta buɗe ido ta ga Cóilí ta ce, "Wa ya rasu ka sa kwat, tsohon banza?"

Ya ce, "Jikarki ce za ta yi magana. Ki yi shiru ko sau ɗaya a rayuwarki."

Na karanta mata. Sunan jirgin, watan, Ros Caol, zazzaɓin. Ban yi tuntuɓe ba sai a wurin yatsa. Cóilí ya faɗi sauran, yana kallon ƙasa.

Injin numfashinta yana ta huci.

Ta ce, "Bai ma isa ba."

Na ce a'a.

"Ba wata mata."

"Babu."

Sai ta fara dariya, dariyar ta koma tari, Baba ya tallafe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Tara da rabi. Shekara da shekaru Bairbre tana zagin yatsun bawan Allah, shi kuwa yana ƙasan teku." Hawaye yana bin gefen robar. Ta miƙa hannu ta daki gwiwar Cóilí. "Ku kuma, da baronku. Ɗago kanka, ba kai ka yi ba. Móin ɗinku ma rabinta jiƙaƙƙiya ce."

Ta juyo gare ni. "Ba a zuba wa wutar mutum ruwan bokiti. Mayar masa ake yi. Kin san inda yake yanzu."

Na ce, "Mamó, in na mayar..."

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Kai masa."

Asabar, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Na kwashe garwashin duka cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe. Baba ya so ya ɗauka, na hana. Mun gangara zuwa gaɓa inda ake ɗaure kwale-kwale, ni a gaba, Baba da Cóilí a baya. Iska tana hura garwashin yana ƙara ja. Wasu mata sun fito ƙofa, ba su tambaya ba. Ina jin Cóilí ya riga ya faɗa.

Ruwa yana janyewa. Na je ƙarshen dutse. Na yi ta tsayuwa. Hannuna ya gaji, tukunyar tana ƙona ni ta cikin tsumma.

Na ce, "Máirtín, ga wutarka." Na juye.

Ta yi cuu, farin tururi ya tashi, shi ke nan.

Na tsaya ina jiran wayar Baba ta yi ƙara. Ba ta yi ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da yamma

Tana gadonta. Injin yana huci a inda kwandon móin yake a da. An kawo hita mai lantarki, Mamó ta ce warinsa kamar an ƙona kare. Ta sha shayi rabin kofi. Ta sa na buɗe labule don ta ga teku.

Ta ce in sake karanta mata takardar. Tsayinsa ƙafa biyar da inci tara, gashi baƙi, ido shuɗi. Ta ce, "Ashe idon ubanki ne."

Talata, 26 ga Nuwamba, da safe

Na tashi na durƙusa gaban murhu kafin in tuna. Mamó tana nan.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da safe

Mamó tana nan. Fada, limamin cocinmu, ya zo.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

An kashe injin.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Sun zo sun kwashe injin da tukwanen. Mutane za su cika gidan anjima don ta'aziyyar Mamó, an aro kujeru, mata suna yanka burodi. Ɗakin ya yi sanyi har ana ganin numfashi.

Cóilí ya shigo da móin a hannu, busasshiya, ya zaɓo ta ɗaya-ɗaya. Ya jera a murhu ya koma gefe. Baba ya lalubo ashana a aljihu ya durƙusa. Sai ya tsaya. Ya ce, "Hannun jaki," ya miƙo mini kwalin.

Ta farko ta karye. Ta biyu iska ta kashe. Kowa yana kallona, kuma ban damu ba.

Da ta kama, Cóilí ya ce, "To, mai surutu, wannan kuma ta wa ce?"

Na ce, "Tawa."